Tace Sautin da Kunne Ba Ya Ji: Yadda Ake Gina Matata Mai Ofam da Inda Take Kasawa

Jin ɗan Adam yana ƙarewa a wajen kaɗawa 20,000 cikin sakan ɗaya, wato kHz 20, kuma galibin manya ma ba sa kai nan, daga kHz 15 ko 16 kunne ya fara sallamawa. Sai dai wayoyi da taransista ba ruwansu da iyakar kunne. Duk abin da ya shigo musu, kHz 40 ne ko kHz 400, za su ɗauka su yi gaba da shi. Shi ya sa a situdiyo ake ɗaukar murya a ɗaki shiru, in an zo saurare sai a ji wani siririn fito a ƙarƙashinta wanda babu wanda ya ji lokacin ɗauka. Shi ya sa kuma wata amfilifaya sautinta ke yin kaushi idan an jona kwamfuta tana kan caja, ya koma garau da an zare cajar.

Mai karatu zai iya cewa abin da ba a ji, ina ruwan wani da shi? Amsar ita ce ba ya tsayawa a inda yake. Babu amfilifaya ko lasifikar da ke mayar da sigina daidai wa daida, kowace tana da ɗan karkata. Idan sigina biyu suka bi ta wuri mai karkata, sukan haifi na uku wanda shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Saka kHz 30 da kHz 33 tare, za ka samu kHz 3 a fita, kuma kHz 3 na tsakiyar inda kunne ya fi kaifi. Hanya ta biyu ta fi wannan muni, tana faruwa ne a na'urar da ke mayar da sauti lambobi. Na'urar da ke ɗiban samfur sau 44,100 a sakan ba ta iya ganin abin da ya haura rabin wannan adadi, kHz 22.05. Abin da ya haura ba ɓacewa yake ba, naɗowa yake ya dawo ƙasa: kHz 40 sai ya bayyana a matsayin kHz 4.1. Da zarar ya naɗo ya shiga cikin muryar, babu manhajar da za ta iya bambanta shi da sautin gaskiya. Ta uku ita ce gajiyar da sigina mai sauri ke jawo wa amfilifaya, kuma za mu dawo kanta domin ita ce ke kayar da matatu da yawa, wato da'irorin da ake ginawa su bar sautin da ake ji ya wuce, su tare abin da ke sama da shi.

Daga ina yake shigowa

Sanin tushen shi ne rabin aikin, domin shi ke faɗa maka irin matatar da za ka gina. Na'urar da ke mayar da lambobi sauti, DAC, tana fitar da inuwar kowane sauti a gefen adadin samfurinta: sautin kHz 1 daga faifan CD, mai samfur 44,100 a sakan, yana da inuwa a kHz 43.1 da kHz 45.1. Na zamani suna ninka samfur su tura inuwar can sama, amma kuma da gangan suke kwashe hayaniyarsu daga inda ake ji su jibge ta sama da kHz 20. A tsarin DSD na faifan SACD, mai gudu a MHz 2.8224, tarin hayaniyar ya kai har ƙa'idar faifan ta ba da shawarar a sa matata a wajen kHz 50. Rediyon FM mai sitiriyo yana ɗauke da siginar jagora a kHz 19, wata a kHz 38, da ta rubutun RDS a kHz 57. Na'urorin auna tazara, irin waɗanda ɗalibai ke haɗawa da Arduino, suna harba kHz 40, kuma ƙananan makirfo na wayar hannu suna jin su sarai. Sai cajar kwamfuta, fitilun LED, da inbata mai ɗaga wuta ta hanyar kunna-kashe cikin sauri, waɗanda ke aiki daga dubun-dubatar kaɗawa zuwa ɗaruruwan dubbai. A wuraren da situdiyo da masallaci da gidan kallo duk suka koma kan sola da inbata, wannan tushe na ƙarshe shi ne aka fi cin karo da shi.

Akwai tushe guda da matata ba ta maganinsa, kuma gara a fitar da shi tun yanzu. Idan tuwita, ƙaramar lasifikar manyan muryoyi, na ƙonewa a kai a kai, ƙarfen sanyaya amfilifaya na zafi babu ko sauti, ko aka ga rasistan nan na om 10 da ke jere da kafasita nF 100 a bakin fita ya yi baƙi, to amfilifayar ce da kanta take kaɗawa a sama. Abin a ciki ake haifar sa. Tuwitar fizo mai arha da aka jona ba tare da rasista a jere ba tana cikin masu jawo wannan, domin a wurin amfilifaya kafasita ce. Gyaran yana cikin amfilifayar da wayoyinta, ko matata hawa goma ka sa a bakin shiga ba abin da zai canja.

Zaɓen gaɓar yanka

Matata mafi sauƙi rasista ɗaya ce da kafasita ɗaya zuwa giraun, wato layin sifiri na da'irar. Gaɓar yankanta, inda sigina ya ragu da dB 3 (dB ma'aunin raguwa ko ƙaruwar sigina ne), ita ce 1 a raba da 2πRC, inda R ƙimar rasistar ce, C kuma ta kafasitar. Daga nan tana rage dB 6 duk lokacin da firikwensi, wato yawan kaɗawa a sakan, ya ninka. Wannan shi ne hawa ɗaya, kuma rauninsa a bayyane yake. In ka sa gaɓar a kHz 20, ka ci dB 3 a kHz 20, ka ci dB 1 tun a kHz 10, amma kHz 40 da kake son kashewa dB 7 kawai ya ragu. Ka ɓata sautin, ba ka kori baƙon siginar ba.

Kowane ƙarin hawa yana ƙara dB 6 a gangaren. A da coil ake haɗawa da kafasita don samun hawa biyu ko fiye, amma coil na da girma, yana jan hayaniyar taransifoma, kuma samun ƙimar da kake so a kasuwa wahala ne. Matata mai ofam (op-amp), wato ƙaramin aisin (IC) nan mai ƙafa takwas da ke ƙara ƙarfin sigina, tana yin aikin coil da rasista da kafasita kawai. Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda R. P. Sallen da E. L. Key na ɗakin binciken Lincoln a MIT suka wallafa a 1955.

Kafin a taɓa dalma sai an zauna da lissafi, kuma lissafin daga gefe biyu ake yin sa: nawa za ka yarda ka rasa a kHz 20, nawa kake buƙatar ragewa a inda baƙon yake. Ɗauki siffar Butterworth, wadda injiniyan Ingila Stephen Butterworth ya bayyana a 1930, mai shimfiɗa sumul har zuwa kusa da gaɓa. Hawa biyu da gaɓa a kHz 30 yana cin dB 0.8 a kHz 20, ya rage dB 6 a kHz 40, dB 12 a kHz 60, dB 21 a kHz 100. Hawa huɗu da gaɓa ɗaya yana cin ƙasa da dB 0.2 a kHz 20, ya rage dB 10 a kHz 40, dB 24 a kHz 60, dB 42 a kHz 100. Dubi lambar kHz 40 da kyau. Ofam biyu, kafasita huɗu, amma ragin bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na boltej ba. Duk abin da ke zaune kusa da kHz 20 yana da wuyar kora, kuma wanda ya ce zai share kHz 25 da ofam ɗaya bai yi lissafi ba.

Masu ƙera na'urar CD ta farko sun sha wannan wahala a 1982. Tsakanin kHz 20 da kHz 22.05 tazara ce 'yar kaɗan, sai da wasu suka gina matatu masu hawa da yawa, masu tsada, masu murɗa lokacin isowar manyan muryoyi. Philips ta bi wata hanya: ta ninka samfurin sau huɗu zuwa kHz 176.4 tun yana lambobi, inuwar ta yi nisa, sai matata mai hawa uku mai laushi ta wadatar. Darasin yana nan har yau. In akwai yadda za a nisanta baƙon, ko a yi yankan mai kaifi a ɓangaren lambobi, a yi haka, a bar wa ofam aiki mai sauƙi. Idan tushen matsalar yana sama da kHz 200, hawa biyu da gaɓa a kHz 40 zuwa 50 ya isa, kuma ya fi hawa huɗu a kHz 22 lafiya ga sauti.

Gina hawa huɗu a kHz 30

Kowane sashe na Sallen-Key haka yake. Sigina ya shiga rasista ta farko, daga ita ya shiga ta biyu, ta biyun ta ƙare a ƙafar ofam mai alamar tarawa. Daga wannan ƙafa kafasita ɗaya ta sauka giraun, a kira ta ta ƙasa. Daga mahaɗar rasistocin biyu wata kafasita ta tafi bakin fitar ofam, a kira ta ta sama. Ƙafa mai alamar ɗebewa a jona ta kai tsaye da fita. Idan rasistocin ƙimarsu ɗaya, gaɓar ita ce 1 a raba da 2πR√(C1C2), kaifin gwiwar kuwa, wanda ake kira Q, rabin √(C1/C2) ne, inda C1 ita ce ta sama.

Butterworth mai hawa huɗu yana son sashe biyu masu gaɓa ɗaya amma Q daban, 0.54 da 1.31. Tunda kafasita ba ta zuwa da ƙimomi da yawa kamar rasista, daga ita ake farawa. Sashen farko: ta sama nF 1.2, mai lamba 122 a jiki, ta ƙasa nF 1, mai lamba 102, rasistoci biyu 4.7k. Wannan ya ba da Q na 0.55 da gaɓa a kHz 30.9. Sashe na biyu: ta sama nF 6.8, mai lamba 682, ta ƙasa nF 1, rasistoci biyu 2k, Q ya zama 1.30, gaɓa kHz 30.5. Wanda ya samu 4.87k da 2.05k, sassan biyu za su haɗu a kusan kHz 29.8. A kan NE5532 guda, aisi mai ofam biyu a ciki, sashen farko ya yi amfani da ƙafa 3 a matsayin shiga, 2 da 1 a haɗe, na biyu kuma ƙafa 5, da 6 da 7 a haɗe. Ƙafa 8 ta karɓi bolt 15 na tarawa, ƙafa 4 bolt 15 na ɗebewa, kowace da kafasita nF 100 zuwa giraun, manne da aisin, ba can nesa a bakin allo ba.

Jerin sassan yana da dalili. Sashe mai Q 1.3 shi kaɗai yana ɗaga sigina da dB 3 a wajen kHz 25. In shi ne a gaba, baƙon da ke wannan yanki zai ƙaru kafin a rage shi, yana iya kai ofam bango. Mai ƙaramin Q ya fara, ya rage, sannan mai kaifin ya gyara gwiwar.

Kuskuren da ya fi yawa wajen haɗawa shi ne musanya kafasitocin. In nF 6.8 ta sauka giraun, nF 1 ta hau sama, babu abin da zai ƙone, sauti zai fito, amma Q ya faɗi zuwa 0.19 kuma manyan muryoyi za su fara dushewa tun daga wajen kHz 6. Sauti ya yi kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa matata na kashe armashin sauti, alhali ƙafa biyu ne suka sauya wuri.

Kuskure na biyu ba ya ganuwa a zane. Rasistar farko ba ita kaɗai ba ce, duk turjiyar abin da ke gabanta tana haɗuwa da ita. Idan maɓallin ƙara murya na 10k ne ke ciyar da matatar, a tsakiyar juyi yana ƙara 2.5k, sai 4.7k ta zama 7.2k, gaɓar sashen ta zame daga kHz 31 zuwa kHz 25, kuma tana yawo duk lokacin da aka murɗa maɓallin. Maganin shi ne ofam guda a gaba wanda ba ya ƙara komai, aikinsa kawai ya miƙa sigina da ƙaramar turjiya. Sitiriyo ke nan zai ci ofam shida, NE5532 guda uku. In akwai kafasitar tare wutar DC a bakin shiga, dole a sa rasista kamar 47k daga ƙafar shigar ofam ɗin farko zuwa giraun, in ba haka ba fitar za ta sulale ta manne da ɗaya daga layukan wuta. A bakin fita kuma a jera om 47 zuwa 100, domin waya mai sulke tana da kusan pF 100 a kowace mita, kuma ofam da ke tura doguwar waya kai tsaye yana iya fara kaɗawa, ya zama shi ne sabon tushen abin da aka gina shi ya cire.

Inda ofam ke gazawa

Lissafin da ke sama ya ɗauka ofam ba shi da iyaka, alhali yana da iyaka biyu. Ta farko faɗin aikinsa. Ƙa'idar da masu zane ke bi ita ce faɗin ofam ya kai ninki ɗari na gaɓar yanka sau Q. A sashenmu na biyu, 100 sau kHz 30 sau 1.3 ya ba da MHz 3.9. NE5532 mai MHz 10 ya wuce da sarari, TL072 mai MHz 3 yana bakin gaɓa, LM741 da LM358 masu wajen MHz 1 ba sa cikin lissafi.

Ta biyu ita ce saurin da fitarsa ke iya hawa ko sauka. Sigina mai firikwensi f da tsayi V yana buƙatar 2πfV. Baƙo mai kHz 100 da tsayin bolt 2 yana neman bolt 1.26 a kowane maikirosakan. LM741 rabin bolt yake iyawa, NE5532 wajen 9, TL072 wajen 13. Lokacin da ofam ya kai ƙarshen saurinsa, ba baƙon kaɗai yake murɗawa ba, a wannan ɗan lokaci ya saki linzamin sautin gaba ɗaya. Abin da ake ji shi ne kaushi da ƙazanta a kan muryar, ba fito ba, shi ya sa ake yawan ɗora laifin a kan lasifika.

Sallen-Key kuma yana da wani ciwo nasa da littattafan koyo ba su cika faɗa ba. A zane ragin yana ci gaba har abada. A zahiri, can sama, kafasitar sama ta zama kamar waya, ofam kuma ƙarfinsa na riƙe fitarsa ya ƙare. Sai sigina ya bi rasistar farko, ya ratsa kafasitar sama, ya faɗo bakin fita ba tare da ya bi ta cikin ofam ba. Ragin ya daina ƙaruwa, ya juyo yana raguwa. In turjiyar fitar ofam a can ta kai om 100 kuma rasistar farko 2k ce, ragin sashen zai tsaya a wajen dB 26 komai nisan firikwensi. Ga hayaniyar caja da inbata, wadda kaifafan gefunanta ke kaiwa megahaz, wannan babbar ɓaraka ce.

Daga nan ne ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki ta fito: kada ofam ya zama shi ne farkon abin da baƙon zai tarar. A bakin soket ɗin shiga, kafin komai, a sa rasista 1k a jere da kafasita pF 470 zuwa giraun. Gaɓarsu na wajen kHz 340, abin da suke ci a kHz 20 bai kai a auna ba, amma ba su da iyakar sauri, ba sa gajiya, kuma suna aiki har cikin zangon rediyo. Kowa ya san ƙarar "dit-dit-dirrr" da lasifika ke yi kafin kira ya shigo wayar da ke kusa. Siginar GSM tana ɗaruruwan megahaz, amma tana zuwa a dunƙule sau 217 a sakan, taransistan shigar ofam ya kama ta kamar rediyo ya fitar da kaɗawar 217 ɗin. Matatar kHz 30 da ke bayan wannan taransista ba za ta taɓa 217 ba, domin yanzu sauti ne halal. Masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta Sin sun nuna wannan a 2017 ta hanya mai tayar da hankali: sun ɗora umarnin murya a kan sigina sama da kHz 20, babu wanda ya ji komai a ɗakin, amma Siri da Alexa suka amsa. Na'urorin suna da matata, sai dai makirfo da amfilifayar farko sun riga sun sauko da umarnin cikin zangon ji kafin ya iso gare ta.

Akwai tsari na biyu da ya fi dacewa idan baƙon yana can sama sosai, wanda ake kira MFB. Rasista ta farko ta kawo sigina wata mahaɗa. Daga mahaɗar babbar kafasita ta sauka giraun, rasista ta biyu ta tafi fitar ofam, ta uku ta tafi ƙafar ɗebewa. Ƙaramar kafasita ta haɗa ƙafar ɗebewa da fita, ƙafar tarawa kuma tana giraun. Da rasistoci uku 3.9k, babbar kafasita nF 2.2, ƙarama pF 470, za a samu gaɓa a kHz 40 da Q na 0.72. Asarar kHz 20 ba ta kai dB 0.3 ba, ragin kHz 400 kuwa dB 40. Alherinsa shi ne kafasitar da ke giraun tana shanye sigina mai sauri kafin ofam ya gan shi, don haka ɓarakar Sallen-Key ba ta da ƙarfi a nan. Shi ya sa ake yawan ganin sa a bayan DAC. Farashinsa biyu: yana kifar da sigina, kuma abin da ke ciyar da shi zai ga nauyin kusan 3.9k, wanda wasu ƙananan na'urori ba sa so.

Siginar jagora ta FM matsala ce ta daban. Sautin FM a kHz 15 yake ƙarewa, jagorar na kHz 19, kuma don rage dB 40 a wannan 'yar tazara Butterworth zai nemi hawa kusan ashirin. Ba a yin haka. Rami ake haƙa wa kHz 19 shi kaɗai da matata mai tsaga, a sa rasista mai juyawa a daidaita tsakiyar ramin, sannan matata mai laushi ta kwashe kHz 38 da abin da ke sama. Maɓallin MPX da ke jikin tsofaffin na'urorin kaset aikinsa ke nan, domin jagorar na rikita tsarin Dolby mai rage shuu lokacin ɗauka daga rediyo. Haka nan fitar amfilifaya ajin D, mai kunna-kashe a ɗaruruwan kHz, ba wurin ofam ba ne sam. Wutar da ke tafiya lasifika ta fi ƙarfinsa, can coil da kafasita ake sawa, misali µH 10 da nF 680, masu gaɓa a wajen kHz 61.

Game da siffa, Butterworth mai hawa huɗu yana ɗan zarce layi da kusan kashi 11 cikin ɗari idan sigina ya yi tsalle farat ɗaya, wani salon da ake kira Bessel kuwa bai kai kashi ɗaya ba, amma gangarensa a kusa da gaɓa ya fi laushi. In gaɓar na kHz 40 ko sama, wannan bambanci ba abin da za a ɓata dare a kansa ba ne.

Kayan da za a saya

Rasista ta zama mai fatar ƙarfe, kashi 1 cikin ɗari. Ƙimarta ta zauna tsakanin 1k da 10k: ƙasa da haka tana wahalar da ofam, sama da haka tana ƙara shuu, ga shi tana tilasta amfani da kafasita 'yan ƙanana waɗanda kafasitan jikin allo ke rikitawa. Kafasita ita ce wurin da aiki ke lalacewa. A nemi siramik mai alamar C0G ko NP0, ko mai fatar roba irin folifirofilin. A guji X7R, a guji Y5V nesa. Ƙimar X7R na iya motsawa da kashi 15 saboda zafi, ta Y5V na iya zubewa fiye da rabi, kuma dukansu ƙimarsu na canjawa da boltej ɗin da ke kansu, ma'ana kafasitar na murɗa sautin da kanta. Akwatin amfilifaya a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba wurin gwada sa'a da irin waɗannan ba ne. Harafin da ke bayan lamba shi ne sassaucin ƙima: F kashi 1, G kashi 2, J kashi 5, K kashi 10. Sashe mai Q 1.3 ya fi jin kuskure, don haka in J kaɗai aka samu, a sayi goma a auna da mita, a zaɓi waɗanda suka yi kusa, a kuma daidaita hagu da dama.

Jabun aisi sun cika kasuwa ko'ina a duniya, an goge lambar mai arha an buga ta mai tsada. Gwaji mai sauƙi shi ne auna wutar da yake ci babu sigina. NE5532 na gaskiya yana jan wajen mA 8, TL072 wajen mA 3, LM358 kuwa wajen mA 1. In an rubuta 5532 a jiki amma mita ta nuna mA 1, a cire shi.

Sannan a tuna ƙofar baya. Ƙarfin ofam na tare dattin layin wuta yana raguwa yayin da firikwensi ke hawa, don haka in cajar da ke kawo matsalar ita ce ke ba matatar wuta, dattin zai shigo ta ƙafa 8 da 4 ya tsallake duk lissafin. Rasista om 10 zuwa 22 a jere da kowane layin wuta, da kafasita µF 100 haɗe da nF 100 a bayanta, suna toshe yawancinsa. Giraun ɗin sigina kuma kada ya raba hanya ɗaya da wayar da ke mayar da wutar caja.

Gwaji

Kunne ba zai tabbatar da wannan aiki ba, haka ma mita mai arha, wadda a ma'aunin AC ba ta da gaskiya sama da 'yan ɗaruruwan kaɗawa. Manhajar waya mai fitar da sauti ita ma a ƙasa da kHz 24 take tsayawa. Kafin a sayi komai, a zana da'irar a manhajar LTspice, wadda kyauta ce, a sa ainihin samfurin ofam ɗin, a duba har MHz 10 don ganin inda ragin ke juyowa. Bayan haɗawa, janaretan sigina da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, ake buƙata. A saka bolt 1 a kHz 1 a rubuta abin da ya fita. A kHz 20 ya kamata ya zama kusan 0.98 na wancan, a kHz 30 kusan 0.71, a kHz 60 kusan 0.06, a kHz 100 ƙasa da 0.01. A ci gaba da hawa zuwa MHz 1 da sama, a tabbatar bai sake ɗagowa ba. Katin sauti mai samfur kHz 192 da manhajar REW zai nuna siffar har kusan kHz 90 ga wanda ba shi da janareta.

Sai a saka sigina mai kusurwa huɗu na kHz 1. Ɗan tudu guda a kan kowane gefe da ya kwanta nan take shi ne daidai. In yana ta rawa bai kwanta ba, Q ya yi yawa, a sake auna kafasitocin sashe na biyu. Daga ƙarshe a haɗe bakin shiga da giraun, a jona doguwar wayar da za a yi aiki da ita a fita, a buɗe osiloskof zuwa mV 5 a kowane gida. Layin ya zama siriri. In ya yi kauri kamar igiya, ofam na kaɗawa, a duba kafasitocin nF 100 na ƙafa 8 da 4 da rasistar bakin fita.